Wane katun ne ya dace da ƙananan yara? Iyaye don Allah ku shigo

Maman_Ikram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nike nema ga iyaye da malamman da ke cikin gidan ga. Yara sun samu hutu, babansu yat tahi wurin masu tura fina-finai yas sa anka cika mai memori da katun, wai su zamna gida su bar yawo cikin rana, kun dai san zahin garin ga yanzu. Shekaranjiya bayan isha'i anka kawo wuta nis sa masu guda, na dabbobi na, ga kala mai kyau ga waƙoƙi, ni kuma nit tahi ina wanke-wanke hankalina kwance tunda katun na. Babbar shekara 8, ƙaramin 4. Ban ankara ba sai nij ji kuka, na sheƙo na ishe yaron ya ɓoye kai bayan yayatai, ashe an nuna uban ɗan zaki ya faɗo daga bisa dutse ya mutu, ɗan yana ta tura shi da kai wai shi tashi. Daren nan tsakar gida munka kwana, sau biyu yaron ga na tashi shi tahi shimfiɗar babansu shina taɓa mai huska shina "Baba tashi", sai ya ga ya motsa kana shi koma. Wallahi abin ya tsaya mani a rai. To akwai sauran fina-finai 13 cikin memorin kuma kullum suna roƙo. Ta yaya kuke gane wanda yad dace da ƙanƙane tun kahin a kunna?

Abu_Safwan:
Wa alaikumus salam. Allah ya shirya mana zuri'a. Hajiya ni dai ƙa'idata ɗaya, abin da ban kalla ba ɗana ba ya kallo. Shi ke nan.

Ummu_Haidar:
@Abu_Safwan da sauƙin faɗi. Fim ɗaya awa ɗaya da rabi, sau 13, ga girki ga wanki ga goyo, ga wutar da ba ta daɗewa. Yaushe mace za ta zauna ta kalle su duka? Ku maza in kun sayo sai ku taya tantancewa mana.

Malamin_Firamare_Arkilla:
Maman Ikram sannu, Allah ya sa ya manta. Daga bayaninki na gane fim ɗin, The Lion King ne, na 1994. Kuma abin da zai ba ki mamaki a Amurka alamar G aka ba shi, wato kowa da kowa zai iya kallo har jarirai. Bari in ɗan yi bayanin alamomin nan tunda ana ganinsu a jikin hoton fim ko a farkonsa mutane ba su kula ba. Amurkawa sun fara tsarin a 1968. G na kowa ne. PG na nufin iyaye su duba tukuna don akwai abin da ƙila bai dace da ƙaramin yaro ba. PG-13 kuma, wanda aka ƙaro a 1984, gargaɗi ne mai ƙarfi game da yaron da bai kai 13 ba. R na manya ne, kada ma ki kusanta. A Ingila suna da U da PG da 12A da 15 da 18, kuma su sun fi fayyacewa, sun ce U an yi shi ne da tunanin yaro ɗan shekara 4 zuwa sama, PG kuma bai kamata ya tayar da hankalin ɗan shekara 8 ba. To kin ga ko a wurinsu PG na babbarki ne, ƙaramin bai shiga lissafi ba. Mu ma nan Najeriya muna da hukumar tace fina-finai ta ƙasa tun 1993 tana ba da irin waɗannan alamomi, amma abin da aka sauko da shi daga intanet aka tura a memori bai bi ta hannunta ba balle ta gani. Saboda haka matakin farko ki rubuta sunan kowane fim a Google, alamar za ta fito. Duk wanda ya wuce PG ki goge nan take, aikinki ya ragu.

Maman_Ikram:
Malam na gode ƙwarai. To amma in wanda yas sa shi kuka G na, ina amfanin alamar ke nan?

Malamin_Firamare_Arkilla:
Amfaninta ta cire miki mafi muni. Sauran kuma idonki ne, don su ba su san ɗanki ba.

Dan_Gidan_Igwai:
Ni hwa ban ga abin tashin hankali ba. Mu da munka tashi ana ba mu tatsuniyar Dodo da kura mai cin yara, gwaggonmu na kashe murya cikin duhu har mu ƙi hita fitsari, mi yas same mu? Yaro ya ji tsoro kwana biyu shi wuce. In kunka ɓoye masu komi ranar da sunka gamu da duniya ya za su yi? Mutuwa ai gaskiya ta, gara shi fara saninta.

Hajiya_Kaka:
Ɗana na Gidan Igwai, tsaya in hwaɗa maka tunda ni na yi tatsuniya ga ɗiya na yi ga jikoki. Can dauri in nic ce ga ta nan ga ta nanku, yaro shina bisa ƙahwata, ina jin jikinai. In nij ji ya ƙanƙame ni sai in sassauta, in maida Dodon wawa, in sa Gizo shi yi mai wayo a yi dariya. In ƙarami na cikin taron ban kai ga wurin yanka ba sai ya yi kwana. Kuma Dodon da nike hwaɗi yaro da kainai shika zana shi cikin zuciya daidai ƙarfin zuciyatai. Shi ko akwatin ga ba ya jin yaro na kyarma, haƙoran da anka zana su za shi nuna, da ƙara da kiɗa mai sa gaba faɗuwa. Kuma mu muna ƙarewa da ƙurunƙus, yaro ya san an rufe magana ƙarya ta. Wanga abu wa ka ce mai ƙurunƙus? Uwa na can wurin wanke-wanke.

Ummu_Haidar:
Allah ya ƙara girma Hajiya. Maganar nan ta shige ni.

Maman_Ikram:
Inna gaskiya kinka hwaɗi, da ina zamne kusa da abin bai kai haka ba.

Nas_Rukayya:
Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma uwa. Ina son in ƙara wani abu kan bambancin shekaru don mutane na haɗa yara duka su ce "yara". Ɗan shekara 3 zuwa 5 bai gama raba zane da gaskiya ba, kuma abin da ya fi firgita shi shi ne siffa, fuska mai muni, ido ja, mutum ya rikiɗe ya koma wani abu, ƙara mai ƙarfi kwatsam. Ko da dodon mutumin kirki ne a labarin shi ba ruwansa, muninsa yake gani. Sannan rabuwa da uwa ko uba, wannan ya fi komai. Shi kuma ɗan 8 zuwa 10 ya san zane ne, dodo bai cika damunsa ba, abin da ke hana shi barci shi ne wanda zai iya faruwa da gaske, gobara, sace yaro, ɓarayi su shigo gida. Kuma a halin da muke ciki na rashin tsaro yaranmu suna jin labarin sace mutane a bakin manya, to katun ɗin da aka sace yarinya aka kulle ta ba wasa ba ne a wurinsu.

Sai maganar lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. To fim ɗin minti 90 ya riga ya wuce ma ɗanki ƙa'ida ko da babu komai a ciki. Ki raba shi biyu ko uku. Kuma ki daina sa masu bayan isha'i, abin da yaro ya gani ƙarshe da shi yake kwana. Da hantsi ko bayan sun dawo Islamiyya ya fi.

Ummu_Haidar:
Nas da hantsi ina wutar? Mu a Runjin Sambo sai dare muke ganinta, shi ya sa kowa ke kunnawa da dare.

Nas_Rukayya:
Haka ne wallahi. To ko da daren ne a kashe da sauran lokaci, a yi hira a yi addu'ar barci kafin su kwanta.

Sani_Mai_Turi:
To ni sana'ata ce ake magana a kai, bari in faɗi gaskiya ko da za ta taɓa mu. Yawancinmu ba mu kallon abin da muke turawa. Folda ce an rubuta katun, mutum ya zo ya ce cika min na yara, ka kwasa ka zuba. Kuma akwai katun da asali na manya ne, da zagi da batsa da zubar da jini, musamman wasu na Japan da wasu masu dogon zango na Amurka, duk suna iya faɗawa folda ɗaya tunda duk zane ne. Na taɓa tura ma wani bawan Allah, washegari ya dawo ransa ɓace ya nuna min wani wuri a waya, wallahi kunya ta kama ni na rasa inda zan sa kaina, na mayar mai da kuɗinsa. Tun ranar na raba folda uku, na ƙanana, na matasa, da wanda ban tantance ba. Shawarata in za ku aiko a tura, ku aiko da sunan abin da kuke so a takarda. Kar ku ba yaro memori ku ce je ka a sa maka.

Abu_Safwan:
Allah ya yi ma sana'a albarka Sani. Da duk haka suke da an huta.

Bint_Gwiwa:
Wani abin da ba a taɓo ba shi ne fassara. Katun ɗin da ake juyawa zuwa Hausa, wasu masu fassarar suna ƙara nasu don a yi dariya, habaici, baƙar magana, har da zagin da babu shi a asalin. Ɗana ɗan shekara 5 ya kalli ƙanen babansa ya ce mai wata kalma a gaban baƙi, sai da na bi diddigi na gano daga bakin wani jaki ne a katun mai fassara. Na Turanci bai ji ba balle ya kwasa, amma na Hausa kalma ɗaya ba ta wuce shi. To alamar G ɗin da Malam ya faɗa ta asalin ce, muryar da aka ɗora daga baya ba wanda ya tace ta.

Sani_Mai_Turi:
Wannan gaskiya ne Hajiya, amma akwai masu fassara mai tsafta kuma. Ba duka ba.

Ustaz_Kofar_Rini:
Assalamu alaikum. Duk kuna maganar tsoro, ni abin da ya fi damuna wanda ba ya sa yaro kuka, yana dariya yana sha. Tsoro kwana biyu ne kamar yadda ɗan uwa ya ce. Amma ku duba labarin da yawancin fina-finan nan ke ɗauke da shi, yarinya ubanta ya hana ta abu, ta tsallake ta gudu da dare, ƙarshe fim ya nuna ita ce da gaskiya uban ya zo yana ba ta haƙuri. Ɗaya ba komai, amma yaro ya kalli goma duk haka? Sannan roƙon tauraro, aljanin da ke biyan buƙata, boka mai kirki, matattu suna dawowa suna magana. Wata ɗalibata 'yar shekara 6 ta tambaye ni wai in ta roƙi tauraro zai ba ta keke. Ba laifinta ba ne. Su masu ba da alamar nan suna auna zagi da jini da tsiraici ne bisa al'adarsu, aƙida ba ta cikin ma'auninsu. Shi ya sa a 2022 aka yi wani katun da a Amurka PG ne, amma Saudiyya da Daular Larabawa da wasu ƙasashen Musulmi suka hana nuna shi. Kowa da mudunsa. Mu ma sai mu auna da namu.

Dan_Gidan_Igwai:
Ustaz da girmanka, tatsuniyoyinmu ma cike suke da aljannu da 'yan ruwa da dabbobi masu magana, kuma Gizo maƙaryaci na mazambaci, ba mu zama mazambata ba.

Ustaz_Kofar_Rini:
Na yarda, kuma ban ce a hana labarin ƙirƙira ba. Amma amsar da Hajiya Kaka ta ba ka ita ce tawa, akwai babba a wurin. Ni ma 'ya'yana suna kallo, in aka zo irin wurin nan sai in tsayar in ce wa ke ba da keke? Su ce Allah. Mu ci gaba. Minti ɗaya ne.

Abdul_Dambuwa:
Ni tambayata ma ita ce shi kansa zanen mai rai ya halatta? Don na ji ana cewa haramun ne gaba ɗaya.

Ustaz_Kofar_Rini:
Malamai sun yi saɓani. Akwai masu tsanantawa, akwai masu sassautawa ga yara suna kafa hujja da cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), hadisin na cikin Bukhari. Wannan ba wurin fatawa ba ne, ka zauna da malaminka. Mu koma kan tambayar baiwar Allah.

Maryam_UDUS:
Maman Ikram ga hanya mai sauƙi tunda lokaci ne matsalar. In kin shiga IMDb, shafin intanet ne na bayanan fina-finai, kin rubuta sunan fim akwai sashen da aka yi don iyaye, an jera komai daki-daki, tsiraici, faɗa, zagi, giya da taba, da wuraren ban tsoro, har a ce miki a wuri kaza uban ya mutu. Akwai kuma shafin Common Sense Media, su har shekarun da suke ganin ya dace suke sawa, kuma iyaye na rubuta yadda 'ya'yansu suka yi da suka kalla. Da Turanci ne amma mai sauƙi, in ya yi wuya ki turo min sunayen ta inbox in duba miki. Bayan haka sai ki ja fim ɗin a waya, ki tsaya wuri biyar ko shida. Ni na lura wuraren da suka fi zafi su ne minti goma na farko, don nan ake kashe uwa ko uba a fara labari, sai kusan ƙarshe inda mugun ke rikiɗewa a yi babban faɗa, sai sumbar da ake rufewa da ita. Minti goma ya ishe ki kowane fim.

Ummu_Haidar:
Yauwa, wannan ita ce shawarar da mai goyo za ta iya. Na gode ƙanwata.

Abu_Safwan:
Ja da sauri ba ya nuna magana. Abin da Bint Gwiwa ta faɗa na zagi ta ina za ki gan shi in kina tsallakewa? Ni ina nan kan bakana. Kuma @Ummu_Haidar na karɓi gyara, aikin uba ne shi ma, ni da dare nake kallo da abin kunne bayan sun yi barci, fim ɗaya a mako. Ba dole sai sun samu 13 ba. Yaro ƙarami zai kalli abu ɗaya sau ashirin bai gaji ba, uku masu kyau sun ishe su hutun nan duka.

Baban_Khalifa:
Ni na huta, na Musulunci kawai nake sa masu, tarihin Annabawa da Sahabbai. Ba ruwana da na Turawa.

Malamin_Firamare_Arkilla:
Baban Khalifa niyya mai kyau, amma su ma a duba. Akwai fim ɗin Bilal da aka yi a Dubai, ya fito 2015, zane ne mai kyau ƙwarai, amma PG-13 aka ba shi saboda akwai azabtarwa da yaƙi, an nuna dutsen da aka ɗora masa a ƙirji. Ɗan shekara 12 zai amfana, ɗan 4 zai kwana yana kuka kamar na Maman Ikram. Kyawun darasi daban, ƙarfin zuciyar yaro daban. Ga ƙanana irin su Omar & Hana na Malesiya sun fi, gajeru ne, sai dai akwai waƙa ga wanda ke kiyaye wannan. Akwai kuma Bino and Fino da ake yi a nan Abuja, yaran baƙaƙe ne kamar namu suna gaishe da kakanni.

Baban_Khalifa:
Ban san haka ba wallahi, kuma yana cikin waɗanda na ajiye. Na gode Malam.

Zainab_Minanata:
Ku kuna maganar memori, aƙalla shi abin da ke ciki ƙidayayye ne. Matsalata waya. Ina miƙa ma 'yata YouTube in samu in yi girki, ta fara da waƙar haruffa, bidiyo na bin bidiyo, da na leƙa sai na ga 'yar tsanar da ta sani ce amma ana caka mata allura tana ihu, wani ne kawai ya kwaikwayi zanen. Na karɓe wayar jikina na rawa.

Maryam_UDUS:
Anti Zainab wannan sanannen abu ne, a 2017 an yi ta surutu a kai har kamfanin ya goge bidiyoyi masu yawa, amma ba su ƙare ba. Asalin YouTube ma an yi shi ne don 'yan 13 zuwa sama. Ki sauke YouTube Kids, a ciki akwai inda za ki zaɓi tashoshin da kika yarda da su kaɗai, ki kashe bincike. Ko mafi sauƙi ki sauke bidiyon da kika gani da idonki ki kashe data kafin ki miƙa mata.

Nas_Rukayya:
Tunda an zo nan, duk mai yaron da ke da farfaɗiya ya kiyaye katun mai walƙiya da sauri, ja da shuɗi suna ƙiftawa. A Japan a Disambar 1997 wani katun na talabijin ya sa an kai yara sama da 600 asibiti a dare ɗaya saboda irin wannan walƙiyar. Ba kowane mai farfaɗiya abin ke taɓawa ba, amma a kula, kuma kada a kalla cikin duhu fuska manne da allo.

Dan_Gidan_Igwai:
To wanga kam na yarda da shi. Amma har yanzu ina ganin kuna yawaita tsoro. Mu Tom and Jerry munka sha a talabijin gidan maƙwabta, ana buga ma kyanwa guduma ta miƙe, ba wanda yat tahi ya buga ma ƙanenai.

Bint_Gwiwa:
Kai ba ka buga ba. Nawa ya ɗauki muciya ya nufi kan jaririya yana dariya, Allah ya sa ina kusa. Shekararsa 3 lokacin, a tunaninsa kan zai lotsa ya dawo. Yara ba ɗaya ba ne.

Maman_Ikram:
Na dawo 'yan uwa, Allah shi saka ma kowa da alheri. Jiya na bi shawarar Maryam, ni da babansu munka zamna da waya bayan sun yi kwana. Cikin 13 biyu ashe ma ba na yara ba na, ɗaya minti ukku kawai munka gani yac ce goge goge, Sani gaskiyarka. Huɗu PG, na aje ma babbar sai ranar da nike da lokacin zama tare da ita. Ukku na Hausa na, su sai na saurara da kunnena kamar yadda Abu Safwan yac ce. Sauran huɗu na ga kamar ba laihi. Shi kuma ƙaramin yau da sahe ina ba shi koko yac ce mani "Mama baban zaki ya tashi?" Na rasa mi zan ce, in ce ya tashi na yi ƙarya, in ce bai tashi ba kuma ina tsoron a koma gidan jiya. Nic ce mai zane na, wani mutum yaz zana shi da alƙalami, na ɗauko takarda na zana mai kyanwa na goge na sake zanawa. Ya yi shiru yana kallo, kana yac ce in zana mai babansu. Ban sani ba ko daidai niy yi.

Hajiya_Kaka:
Daidai kinka yi ɗiyata. Ki bar shi shi yi ta tambaya, kada ki ce mai yi shiru.

Ustaz_Kofar_Rini:
Kin kyauta da ba ki yi masa ƙarya ba. In ya sake tambaya kan mutuwa ki ba shi gajeriyar amsa daidai shi, kowa na Allah ne, Baba yana nan lafiya, mu yi masa addu'a. Ki riƙa tofa masa Falaƙi da Nasi lokacin kwanciya.

Nas_Rukayya:
In ya wuce mako biyu yana firgita ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ki kai shi a gan shi. Amma yawanci yana wucewa.

Dan_Gidan_Igwai:
Ni da ni na, da na bari ya ƙarasa fim ɗin da rana ina kusa, shi ga ɗan zakin ya girma ya zama sarki. An yanke mai labari wurin da yaf fi ciwo, shi ya sa abin ya tsaya mai.

Maryam_UDUS:
Wannan ma magana ce fa. Amma gaba akwai wurin wuta da kuraye, ban sani ba ko zai iya.

Malamin_Firamare_Arkilla:
Ni zan ce a bari sai ya kai 6 ko 7, fim ɗin ba ya gudu.

Ummu_Haidar:
To ni ga tawa matsalar da ba wanda ya taɓo. Gidanmu babban gida ne, talabijin ɗaya a falon surukata, yara sun fi goma daga ɗan shekara 2 har ɗan 14, na kishiya da na ƙannen miji duk nan suke taruwa. Manyan su ke riƙe da rimot kuma ba za su yarda da waƙar haruffa ba. In na janye nawa su yi ta kuka a ce na ware 'ya'yana, in na yi magana a ce sabuwar tarbiyya na kawo. Wanda ke irin gidan nan don Allah ya kuke yi?

Zainab_Minanata:
Irin gidanmu ke nan. Ni ta wurin Hajiya surukata na bi, na nuna mata wani wuri a waya da idonta, ita da kanta ta sa doka ƙanana su fara kallo bayan la'asar manya kuma sai an kwashe su. Ya yi mako uku ana bi, yanzu da hutun nan an fara komawa ruwa.

Ummu_Haidar:
Bari in gwada ta wurin maigidan tukuna, shi ya fi iya yi mata magana. @Maryam_UDUS zan turo miki sunaye biyar anjima in an kawo wuta na yi caji.